Ɗana, Kada Ka Raina Yawun Bakinka

Ɗana, saurara. 'Yata, ke ma matso kusa, domin maganar ta shafe ki, ta kuma shafi yaran da ke hannunki.

Idan aka ce mutum ya lissafa ni'imomin da Allah ya yi masa a jiki, zai ambaci ido da kunne, ya ambaci hannu da ƙafa. Da wuya ka ji wanda ya tuna da yawu. Mun ɗauke shi ƙazanta, muna tofar da shi a gefen hanya ko waiwaye babu. Amma je ka tambayi dattijon da ke farkawa tsakar dare harshensa ya manne da ganɗa, yana lalube cikin duhu neman moɗar ruwa. Tambayi baiwar Allahn da ba ta iya haɗiye lomar tuwo sai ta kora da ruwa. Su za su gaya maka darajarsa. Ina so ka san ta tun kana da shi, domin bushewar baki idan ta daɗe saƙo ce jiki ke aiko maka, kuma mai hankali ba ya mayar da ɗan aike bai ji abin da ya zo da shi ba.

Allah ya ajiye manyan maɓuɓɓugan yawu guda 6 a kewayen baki, 3 ta dama, 3 ta hagu. Babbar cikinsu tana gaban kunne, ita ce ke kumbura idan yaro ya kamu da hangum. Ta biyu tana ƙarƙashin muƙamuƙi, ta uku tana ƙarƙashin harshe. Ban da waɗannan, akwai ƙanana ɗaruruwa a leɓe da kunci da ganɗa. Goga harshenka a cikin leɓenka na ƙasa, za ka ji 'yan ƙananan gudaji; to su ne. Dukkansu idan suka haɗa aikinsu, lafiyayyen mutum yana samar da yawu daga rabin lita zuwa lita 1 da rabi kowace rana, yana haɗiyewa bai ma sani ba. Kashi 99 cikin 100 na wannan yawu ruwa ne, daga jini ake tato shi. Sauran kashi 1 ɗin nan kuwa shi ke ɗauke da abubuwan mamaki.

Gutsuri gurasa ko burodi marar sukari, ka yi ta taunawa kada ka haɗiye. Kafin wani lokaci za ka ji ɗan zaƙi-zaƙi ya fara fitowa. Wani sinadari ne a cikin yawu ya soma narkar da abincin yana mayar da shi sukari tun bai kai ciki ba. Sai kuma ka goge harshenka da ƙyalle mai tsabta har ya bushe, ka ɗora masa ƙwayoyin sukari. Ba za ka ji komai ba sai yawu ya dawo ya narkar da su. Ashe daɗin miyar da kake yabo, da ɗanɗanon kilishi da na fura, duk ta hanyar yawu suke isa gare ka. Shi ke jiƙa loma ya ba ta santsi ta wuce maƙogwaro lafiya. Shi ke sa harshe ya juya a baki, malami ya yi karatu, ladan ya kira salla, ɗan kasuwa ya yi ciniki.

Aikinsa a kan haƙori ya fi wannan girma. Duk sanda ka ci abu mai zaƙi, ƙwayoyin cutar da ke maƙale a haƙori suna cin nasu rabon, su fitar da tsami. Wannan tsami yana cin farin rufin haƙori, abin da ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam. Yawu ne ke zuwa ya wanke ragowar abincin, ya kashe tsamin, sannan ya mayar wa haƙori sinadaran da ya rasa. Aikin yakan ɗauki minti 30 zuwa awa 1 bayan kowane ci. Haka kuma yawu yana ɗauke da makaman yaƙi da ƙwayoyin cuta. A shekarar 1922 Alexander Fleming, mutumin da daga baya ya gano fenisilin a 1928, ya bayyana wani sinadari da ke cikin majina da hawaye da yawu wanda ke fasa wasu ƙwayoyin cuta ya hallaka su. Duk yini wannan mai gadi yana bakinka, ba ka taɓa biyansa ko kwabo ba.

Ƙwaƙwalwa ce ke ba maɓuɓɓugan nan umarni. Shi ya sa idan ka wuce wajen mai tsire ƙamshi ya bugi hancinka sai yawu ya tsinke, ko ka ga yaro yana shan tsamiya ka ji bakinka ya cika. Wani masani ɗan Rasha, Ivan Pavlov, wanda aka ba kyautar Nobel a 1904 saboda bincikensa a kan narkewar abinci, ya lura karnukansa suna fara zubar da yawu da sun ga mai kawo musu abinci, tun akushi bai iso ba. Tsoro kuma yana yin akasin haka. Wanda aka tsayar gaban alƙali, ko ɗalibin da aka kira ya yi jawabi gaban jama'a, bakinsa kan bushe nan take. Irin wannan ba ciwo ba ne, da hankali ya kwanta yawu zai dawo. Da dare ma idan mutum ya yi barci, yawu kusan tsayawa yake yi. Dalilin warin bakin safiya ke nan, kuma dalilin da ya sa wanke baki kafin kwanciya ya fi kowane wankin baki muhimmanci. Wanda ya sha shayi mai sukari ya kwanta bai goge haƙori ba, ya bar wa ƙwayoyin cuta dare guda suna ɓarna babu mai hana su.

To, bushewar da nake ja maka kunne a kanta ita ce wadda ta ƙi tafiya: kwana da kwanaki, mako da makonni. Yawu ya yi kauri yana yauƙi, leɓe ya tsattsage, gefen baki ya dare, harshe ya yi ja yana zafi, baki yana wari ko an wanke, busasshen abinci ya ƙi haɗiyuwa. Idan rijiyar gida ta ƙafe ba lokacin ƙafewarta ba, maigida ba ya tsayawa sayen ruwan 'yan garuwa kawai; yakan leƙa ya ga abin da ya faru a ƙasa. Haka nake so ka yi da bakinka.

Abu na farko da za ka duba shi ne ruwan jikinka. A yankinmu, daga Maris zuwa Mayu, zafi a Sakkwato da Maiduguri da Yamai yakan haura digiri 40. Manomi da birkila da ɗan acaba da mai tura baro suna zubar da gumi lita-lita a yini. Idan ruwa ya ragu a jini, jiki yakan rage yawu don ya tanadi abin da ya saura. Dubi fitsarinka. Idan ya yi kaɗan, ya yi ja, yana ƙarni, ruwa kake bukata, kada ka jira sai ƙishirwa ta galabaita ka. Zazzaɓi da amai da gudawa su ma suna kwashe ruwa cikin gaggawa.

'Yata, nan ne maganarki ta zo. Idan yaro yana gudawa, buɗe bakinsa ki duba. In kika ga harshe ya bushe, yana kuka babu hawaye, idanu sun zurma, maɗiga ta faɗa, ya daɗe bai jiƙa zane ba, to ruwan jikinsa ne ke ƙarewa. Shafa wani haɗi a kan maɗiga ba ya ɗago ta. Ruwa ne ya fita, ruwa ne zai mayar da ita. Ki haɗa masa ruwan gishiri da sukari irin na ƙunshi da ake bayarwa a asibiti ko ake sayarwa a kemis, ƙunshi 1 cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu, ki samu tsabtataccen ruwa lita 1, wato leda 2 ta fiya wata, ki sa sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, kada ki daina ba shi nono. Idan ya kasa sha, ko yana amayar da komai, ko jikinsa ya saki, ki ɗauke shi zuwa asibiti a wannan lokacin, ko dare ne. Yara da yawa sun tafi a kan abin da bai fi wannan ba, Allah ya jiƙan su.

Abu na biyu shi ne numfashi ta baki. Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska takan bushe ƙwarai, ƙura ta toshe hanci, mutum ya kwana baki buɗe. Mai minshari ma haka. Idan bushewar da safe kawai take damunka, ta kuma wuce bayan ka sha ruwa ka karya, to duba hancinka. Wanda minsharinsa ke da ƙarfi har numfashi na ɗaukewa cikin barci, ya yini yana gyangyaɗi, wannan ya ga likita, domin abin yana taɓa zuciya da hawan jini.

Abu na uku, wanda ya fi kowanne yawa a wajen manya, shi ne magani. Akwai magunguna ɗaruruwa da ke rage yawu. Cikinsu akwai na mura da ƙaiƙayi irin su Piriton, da na murɗar ciki irin su Buscopan, da masu sa fitsari irin su Lasix, da wasu na hawan jini, da na damuwa da taɓin hankali, da masu ƙarfi na kashe raɗaɗi. Mutum na shan iri 4 ko 5 a rana, kowanne yana rage nasa, sai baki ya ƙafe. Ana ƙiyasta cewa kimanin 1 cikin tsofaffi 5 na fama da bushewar baki, kuma galibi magungunan da suke sha da cututtukan da ke jikinsu ne sanadi, ba shekarun kaɗai ba. Amma ka ji ni da kyau, ɗana: kada ka ajiye maganin hawan jini ko na ƙwaƙwalwa da kanka don bakinka ya bushe. Shanyewar ɓarin jiki ta fi bushewar baki muni nesa ba kusa ba. Tattara duk abin da kake sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ka zuba a leda ka kai wa likita. Shi ya san wanda zai canja, da wanda zai rage, da wanda zai sauya wa lokacin sha.

Akwai kuma abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya, wato ƙwayoyin da samarinmu ke haɗiya babu ciwo. Tiramadol da kodin da Exol da wiwi duk suna busar da baki, haka sigari da shisha da giya. A watan Mayun 2018 gwamnatin Najeriya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan da duniya ta ga irin ɓarnar da yake yi wa matasa maza da mata. Ruwan tarin nan cike yake da sukari, ga shi yana ƙafar da yawu, sau da yawa kuma da lemon kwalba ake gauraya shi. Shi ya sa za ka ga saurayi bai kai 25 ba haƙoransa sun ruɓe sun yi baƙi tun daga gindi. Haƙorin babba idan ya fita ba ya sake tsirowa. In ka faɗa cikin wannan, ban zo don in tozarta ka ba. Ina roƙonka ka nemi taimako tun da sauran gyara. Kai kuma uba, idan ka ga ɗanka kullum yana lasar leɓe, harshensa na nauyi, haƙoransa na lalacewa, jawo shi jikinka ka bincika cikin hikima.

Abu na huɗu shi ne ciwon da ke ɓoye. Babba a cikinsu ciwon sukari. Idan sukari ya yi yawa a jini, ƙoda takan fitar da shi ta fitsari, ya ja ruwa ya tafi da shi. Sai mutum ya yi ta shan ruwa ƙishirwa ba ta yankewa, yana tashi fitsari sau da yawa cikin dare, yana rama alhali yana ci, wani lokaci har kiyashi na taruwa inda ya yi fitsari. Gwajinsa ɗigon jini ne daga ɗan yatsa, cikin 'yan mintoci an gama. Mutane nawa ne suka shekara suna cewa zafin gari ne, sai da ido ya fara dushewa ko gyambo ya ƙi warkewa a ƙafa sannan aka gane?

Akwai wani ciwon da wani likitan ido ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Sjögren, ya yi bayaninsa a 1933, ake kuma kiransa da sunansa. Garkuwar jiki ce ke juyawa ta afka wa maɓuɓɓugan yawu da na hawaye. Kusan 9 cikin 10 na masu shi mata ne, yawanci waɗanda suka haura 40. Alamarsa baki a bushe, ido a bushe yana ƙaiƙayi da zafi, gaɓoɓi na ciwo. Cuta mai karya garkuwar jiki ma tana iya kawo bushewar baki, tare da wani farin abu da ke shimfiɗuwa a harshe da kunci. Wanda za a yi wa gashin ciwon daji a kai ko wuya, gashin yakan lalata maɓuɓɓugan nan, don haka ake so ya ga likitan haƙori tun kafin a fara. Wani kuma tsakuwa ce ke toshe hanyar yawu, galibi ta ƙarƙashin muƙamuƙi: da ya zauna cin abinci sai wurin ya kumbura yana zafi, bayan awa 1 ko 2 ya saɓe. Duk waɗannan suna da abin da ake yi musu idan an je da wuri.

Yanzu ga kuskuren da na fi gani a tsakaninmu. Mutum bakinsa ya bushe, sai ya cika aljihu da alewa da minti, yana tsotsa daga safe har dare. Wani lemon kwalba, wani shayi mai sukari cokali 4. Yana jin sauƙi na ɗan lokaci, alhali yana zuba sukari a bakin da babu yawun da zai wanke shi. Cikin 'yan watanni sai haƙora su fara ruɓewa ta wajen dasashi. Goro ma tauna shi na kawo yawu a lokacin, amma baurinsa yana barin baki a ɗaure, sinadarin da ke cikinsa mai hana barci kuma ba abokin mai hawan jini ba ne idan ya yi yawa. Tsamiya da lemon tsami suna tsinka yawu ƙwarai, sai dai tsaminsu yana cin haƙori in aka mayar da tsotsarsu ɗabi'a.

Abin da ya dace mai sauƙi ne. Riƙe gorar ruwa kusa da kai kana kurɓa a kai a kai, ka ajiye wata a gefen shimfiɗa. Wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda ciwon ƙoda ko zuciya, shi ya tsaya inda aka ce, ya riƙa kurkure baki yana zubarwa. In za ka tauna cingam, nemi marar sukari. Jiƙa abincinka da miya. Kuɓewa da kuka da karkashi suna taimaka wa loma ta wuce. Goge haƙori sau 2 a rana da man da ke da sinadarin fuloraid, na dare kada ya wuce ka, ka kuma riƙe aswaki, sunna ce kuma tsabta ce, tauna shi ma yana motsa yawu. Guji ruwan kurkure baki na kanti mai barasa a ciki, ƙara busarwa yake yi. Shafa man kaɗe a leɓe maimakon lasa, domin lasa tana ƙara tsaga shi. Ka je wajen likitan haƙori ya duba ka ko ba ka jin ciwo.

Sai maganar azumi. Da watan Ramadan ya kama, za ka ga wasu sun yini suna tofar da yawu, a masallaci da kasuwa da cikin mota, suna tsoron kada azuminsu ya karye. Malamai sun haɗu a kan cewa haɗiye yawun da ke bakinka ba ya karya azumi. Mai tofarwa yana zubar da ruwan da jikinsa ke bukata, yana ƙara wa kansa ƙishirwa, yana kuma ƙazantar da wurin jama'a. In yana da tarin fuka, kakinsa na ɗauke da cutar. A mazhabar Malikiyya an halatta wa mai azumi busasshen aswaki duk yini, an kuma halatta masa kurkure baki saboda ƙishirwa muddin bai haɗiye ruwan ba. Tsakanin buɗa-baki da sahur ka rarraba shan ruwanka, kada ka tara shi lokaci guda, ka rage gishiri da yaji da lemo mai zaƙi a sahur. Mai ciwon sukari ko ƙoda ya nemi shawarar likita da ta malami tun kafin wata ya tsaya, addini bai ɗora masa abin da zai hallaka shi ba.

Kada kuma ka manta da iyayenka. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro, kuma da yawansu suna rage shan ruwa da gangan don gudun tashi fitsari da dare ko wahalar da wani. Idan ka ga mahaifiyarka tana barin tuwo a kwano, tana ƙin nama da ƙuli-ƙuli, haƙoran roba sun daina zama a bakinta, kada ka ce tsufa ne ka wuce. Zauna kusa da ita ka tambaya: "Inna, bakinki yana bushewa ne?" Mai yiwuwa ta daɗe tana fama, kunya ta hana ta faɗa. Wanda ke kwance yana jinya kuwa, a riƙa jiƙa masa leɓe da harshe da auduga mai tsabta da ruwa, a goge masa haƙori safe da dare. Ƙaramin aiki ne a ido, amma sauƙin da yake kawo wa majinyaci Allah kaɗai ya san iyakarsa, kuma ladansa yana wurinsa.

Ɗana, 'yata, ga abin da nake so ku riƙe. Bushewar baki ta yini guda, a sha ruwa a huta. Idan ta wuce mako 2 ana shan ruwa ba ta tafi ba, ko ta zo da yawan fitsari da rama, ko bushewar ido, ko kumburi a muƙamuƙi, ko wahalar haɗiya, ko gyambon baki da ya ƙi warkewa, a tafi asibiti, a tafi da ledar magunguna, a nemi a gwada sukari. Kada ku rufe ta da alewa, kada ku jira sai haƙori ya zube. Ku gaya wa na gida da maƙwabta abin da kuka ji, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu zama masu godiya ga ni'imominsa, na fili da na ɓoye. Amin.